Goro Ba Ya Son Hayaƙi

Motar Wakili ba ta shekara a hannunsa ba injinta ya mutu. Jif ce doguwa mai rufin ƙarfe, koriya shar, irin wadda Turawan katako ke shiga daji da ita, kuma duk layinsu a unguwar New Bell ta Duwala babu Bahaushen da ya taɓa ajiye irinta. Ranar da ya shigo da ita har guɗa aka yi. To, garin gwaninta ya afka da ita cikin wani kwari a hanyar Japoma, injin ya sha ruwa ya ƙi juyawa. Sali, wanda shi ne direbansa kuma bakanikensa, ya buɗe ya leƙa, ya ce sabon injin fetur sai an aika Faransa, wata shida ko fiye. Amma ya san inda aka yar da wani tsohon injin gazuwal, wato dizal, na taraktar gonar ayaba, ya girmi jif ɗin da shekara ashirin, sai dai da sauran rai a jikinsa.

Kwana goma sha biyu aka yi ana aikin a tsakar gida, ƙofa a garƙame. Aka rataya sarƙa a reshen mangwaro aka zaro mataccen, aka yanke nan, aka liƙa can, aka cusa tsohon da ƙyar. Wakili ya ja kunnen kowa, har yara, kada maganar ta fita. Takardar motar fetur ta ce, in jandarma suka gane za a sha tambaya. Wannan shi ne dalilin da yake faɗa. Wanda ba ya faɗa kuwa, ba ya son 'yan kasuwar goro su ji cewa amaryar motarsa da zuciyar tsohuwa take yawo.

Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne bututun hayaƙi. Na injin fetur ta hagu yake bi, ya ratsa ƙarƙashi ya fita ta baya. Shi na gazuwal ta dama yake numfashi, kuma babu hanyar da zai bi ya kai baya, sai Sali ya guntule shi ya fito da bakinsa ta gefe, bayan tayar gaba. Taku biyu daga bakin nan akwai bangon katako, mai tsaga-tsaga kamar haƙoran tsohuwa. Bayan bangon kuwa gadon Zinariya ne.

Zinariya 'yar shekara bakwai ce, 'yar Hapsatu, ƙanwar Wakili uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijin Hapsatu ya rasu suke zaune a ɗakin nan, ita kuma aikinta a gidan shi ne goron yayanta: ta zazzage huhu, ta tsince mai tsutsa, ta yayyafa ruwa, ta sake sabon ganye. Yarinyar mai ƙirji ce tun haihuwa. In sanyi ya taɓa ta, numfashinta ya riƙa fito ke nan sai an kwana biyu ana shafa mata man zafi.

Shi tsohon injin nan ba ya tashi da makulli kawai. Kullum bayan sallar asuba Sali zai tsoma tsumma a gazuwal, ya kunna masa wuta, ya kara a bakin da injin ke shaƙar iska, Wakili na ciki yana murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi kaki, ya fesa fari, can ya kama ya soma aman baƙi. Ko ya kama ba a tafiya, sai an bar shi yana ruri kusan rabin sa'a har ya yi ɗumi. Duk wannan a bayan rufaffiyar ƙofa ake yi, don kada maƙwabta su ga ana yi wa sabuwar mota hura wuta kamar murhu.

Kwana uku Hapsatu ta daure. A na huɗu ta sami Wakili a zaure yana shan shayi, ta durƙusa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Kin yayyafa wa na jiya ruwa?"

"Na yayyafa. Yaya, hayaƙin nan ɗakinmu yake shiga. Zinariya yau da ƙyar ta iya tashi zaune."

Wakili ya yi dariya, ba ma ta mugunta ba, irin ta wanda aka kawo wa maganar yara. "Ke da aka yi wa gata? Duk New Bell ana kukan sauro, ke kullum ana yi miki turare kyauta. Tun da aka fara kin ƙara jin ko ɗaya ya cije ku?"

"Sauro kam babu. Amma tarin..."

"Tarinta ai ba yau ya fara ba. Gadon ubanta ne, Allah ya jiƙansa. Tashi ki je."

Ta tashi ta tafi. Wanda ke ci a akushin wani ba ya cewa miya ta yi gishiri. Ta samo tsummoki da tsofaffin jaridu ta bi tsagar katakon nan ɗaya bayan ɗaya tana cusawa da tsinken tsire. Ta toshe ƙasa, ya shigo ta sama, ta inda kwano ya haɗu da bango. Da safe in ta share ɗakin, baƙin gari take tarawa a bakin ƙofa. Zinariya in ta fyace majina baƙa ce, har ta riƙa nuna wa uwarta tana dariya, tana cewa, "Inna, dubi, na zama tukunya."

Bayan sati biyu dariyar ta ƙare. Yarinyar ta daina kwanciya, sai dai a jera mata matasai ta kwana a jingine. Hapsatu ta sake komawa, wannan karon da shawara, don ta kwana tana tunaninta.

"Yaya, ba cewa na yi a fitar da ita ba. A juya ta kawai. In Sali ya shigo da baya, bututun zai kalli wancan gefen."

Wakili ya ajiye kofi ya dube ta kamar ta zage shi. "Wane gefe? Me ke wancan gefen?"

Ta sani sarai, amma shi ya ba kansa amsa.

"Ɗakin goro ne. Ke da kanki kike aikinsa, sai na koya miki? Goro ba ya son hayaƙi. Kwana ɗaya ya shaƙi warin gazuwal, wa zai saya? Da shi kike ci, da shi 'yarki ke ci."

"Ita ma ba ta son hayaƙin, Yaya."

"Ita mutum ce, tana da ƙafa. Ki fita da ita mana in za a tayar. Goro zan ce ya tashi ya fita?"

To haka ta koma yi. Kafin a idar da salla ta goya yarinya 'yar shekara bakwai kamar jaririya, ƙafafunta na dukan cinyoyinta, ta fita da ita bakin titi wurin Delu mai ƙosai, tsohuwar da ke wa matan layin wankan gawa. Nan za su zauna har su ji rurin motar ya fita. Amma hayaƙin ba ya bin motar. Yana nan maƙale a katifa, a gidan sauro, a zannuwa, har a ruwan randa, wanda in ka buɗe sai ka ga wani maiƙo na yawo a kai. Da yamma kuma in motar ta dawo, Sali sai ya ƙara rabin sa'a yana gyara wani abu, don tsohon inji kullum da sabon ciwo.

Hapsatu ta kai yarinyar asibitin unguwa. Malamin asibitin, wani ɗan Duwala mai gilashi, ya kara abin sauraro a bayan yarinyar, ya daɗe, ya juya fatar idonta, ya leƙa hancinta. Ya yi magana da Faransanci, da ya ga ba ta bi ba ya koma guntuwar Hausarsa.

"Madam, ina yarinya kwana? Kusa da wuta?"

"Kusa da mota."

"Magani na ba ki. Amma magani banza ne in hayaƙi yana nan. Cire ta. Yau, ba gobe ba."

Ya rubuta a takarda ya ba ta ta kai wa maigidan. Ita a zatonta ta samo makami. Wakili ya karanta, fuskarsa ta canza.

"Wato kin je kin gaya wa ma'aikacin gwamnati akwai motar gazuwal a gidana."

"Tambayata ya yi."

"Na ce kada maganar ta fita, kika ɗauke ta kika kai inda ake rubutawa. In jandarma suka zo suka kwashe motar, ke za ki ɗauki goron a ka ki kai tasha?" Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "Za a duba. Demain."

Wannan demain ɗin, wato gobe, ta ji ta har ta haddace. Gobe ta Wakili ba ta taɓa wayewa ba.

Sali ne ya ba ta ɗan haske. Mutum ne mai kunya, ba ya iya haɗa ido da ita tun da ya fara jin tarin ta cikin katako. Wata rana tana shanya ganyen goro ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Uwar Zinariya, abin nan yana da magani. In aka sami bututu mai tsawo aka lanƙwasa, sai ya hau ta gefen gilashi ya wuce rufi, hayaƙin ya tafi sama. Na gaya wa maigida tun ran farko."

"Ya ce me?"

"Ya ce gobe."

Ta shiga ɗaki ta ciro 'yan kunnenta na aure, su kaɗai suka rage mata, ta damƙa masa. Kwana biyu ya dawo da bututun, an lanƙwasa shi tsaf a wurin wani maƙeri a unguwar Nylon, har ya shafa masa koren fenti don ya dace da motar. Ranar Hapsatu ta yi murmushin da ta manta yadda ake yi. Ta ce wa yarinyar, "Gobe za ki yi barci a kwance."

Wakili ya fito ya tarar Sali na gwada shi a jikin motar. Ya zagaya, ya koma baya ya hango, ya girgiza kai.

"Cire."

"Maigida, minti ashirin ne in ɗaure."

"Na ce cire. Ka taɓa ganin jif da hasumiya? Duk wanda ya hango ta daga can unguwar Akwa ya san tarakta ce. Ɗan sandan da bai iya karatu ba ma sai ya tsayar da mu." Ya juyo wurin ƙanwarsa. "Ke kuma, a gidana, a motata, kike ba direbana aiki a bayan idona? Don dai ke ce."

Aka jingine bututun a gindin mangwaro. Yaran gidan suka mai da shi abin busa.

Sai damina ta sauka. Wanda bai zauna Duwala ba bai san ruwa ba. Kwana bakwai sama ba ta ɗauke ba, kwatoci suka cika suka haɗe da hanya, Delu ta daina fitowa da kaskonta. Injin ya ji sanyi ya ƙara taurin kai, abin da yake yi a rabin sa'a ya koma sa'a guda, hayaƙin kuma ruwa ya danne shi, ba ya tashi, sai ya kwanta a tsakar gida ya bi ƙarƙashin ƙofa. Hapsatu ta rasa inda za ta sa kanta. In ta bar yarinyar a ɗaki, hayaƙi. In ta fita da ita, ruwa. Ran farko ta zaɓi ruwa, ta lulluɓe ta da buhu suka raɓe a ƙarƙashin kwanon wani shago, suka dawo da zazzaɓi. Ran na biyu ta zaɓi hayaƙi, ta jiƙa zane ta rufa mata a fuska, tana jin ƙirjin na fito kamar ana busa tsagaggen kara.

Ta je wurin Larai, matar Wakili. Larai ba muguwa ba ce, kullum ita ke aiko wa yarinyar kunu da zuma. Amma da ta ji buƙatar sai ta sunkuyar da kai tana gyara goyonta.

"Yaya Larai, sa'a ɗaya kawai da safe. A bakin ƙofarki ma ya isa."

"Hapsatu, wallahi ina jin tausayinku. Amma kin ga jariri, ga sauran biyar. Wannan tarin, mutane na cewa kada ya zama na fuka. In ya kama min su fa?"

"Likita ya ce hayaƙi ne."

"Likita ai ba shi zai yi jinya ba. Ki yi haƙuri, damina ce, za ta wuce."

Zaure na maza ne, almajiran kasuwa da baƙin Wakili ke kwana a ciki. Ɗaki ɗaya ya rage a gidan wanda hayaƙi bai taɓa shiga ba, na bulo, mai siminti, mai sanyi da tsabta, kuma makullinsa a ƙugun Hapsatu yake. Washegari da ta ji Sali ya buɗe murfin mota ta sunkuci yarinyar ta ratsa ruwa ta shigar da ita ɗakin goro, ta shimfiɗa mata buhu tsakanin huhuna. Allah shaida, cikin ɗan lokaci kafaɗun yarinyar suka sauka. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, nan da daɗi. Ƙanshin ganye." Ta yi barci a kwance, karo na farko cikin wata biyu.

Kwana uku suna yin haka a ɓoye. A na huɗu Wakili ya shigo ɗaukar samfur ya tarar da su. Bai daka tsawa ba. Ya tsaya yana kallon yarinyar, har Hapsatu ta ga kamar wani abu ya motsa a fuskarsa. Sai Zinariya ta yi tari ta tofar a tsumma.

"Abin da mutane ke sawa a baki," in ji shi a hankali. "In aka ji mai tari na kwana a kan gorona, na gama kasuwa a garin nan. Ba ni makullin."

"Yaya, don Allah. Don darajar Inna da ta haife mu."

"Kada ki sako Inna. Wa ya ɗauke ku da mijinki ya mutu? Wa ke ciyar da ku? Ki bari wannan kayan su tafi, in sami sarari, sai a san abin yi."

Ta kwance makullin ta ba shi. Ya kuɓuce ya faɗi, ta sunkuya ta ɗauka ta sake miƙa masa.

Ranar Talata kayan za su tafi, jirgin ƙasa na ƙarfe takwas. Tun daren Litinin yarinyar ba ta iya haɗiye ko ruwa ba, leɓɓanta sun yi shuɗi-shuɗi, ramin wuyanta na shiga yana fita. Da gari ya waye, ruwa na zuba, Hapsatu ta fito ba ko mayafi ta tsaya tsakanin bututun da bangon ɗakinta. Sali na riƙe da tsumma bai kunna ba.

"Yaya, yau kaɗai. Ku tura ta waje ku tayar. Yau kaɗai na roƙe ka."

"A wannan ruwan? Layi cike da mutane masu zuwa kasuwa, in tsaya ina wa mota hura wuta a gabansu?"

"Maigida," in ji Sali, "mu huɗu ne da masu dako, za mu iya..."

"Kai na ɗauka aiki ko ita? Kunna. Minti goma ne, yau motar da zafinta ta kwana. Hapsatu, matsa."

Ba ta matsa ba. Larai ce ta zo ta ja ta da ƙarfi tana cewa, "Za ki ƙone, za ki ƙone." Injin bai yi minti goma ba. Ya kama ya mutu, ya kama ya mutu, sau biyar, kowane karo da gajimaren fari mai yaji a ido. Hapsatu ta koma ɗaki ta rungume 'yarta, ta kifa jikinta a kanta kamar jiki zai tare iska. Ta yi niyyar fita da ita cikin ruwan, ta ɗaga ta, sai ta ji kan ya langaɓe a kafaɗarta. Fiton nan da ta yi wata uku tana roƙon Allah ya tsaya, ya tsaya. A waje injin ya kama sosai, aka buɗe ƙofa, motar ta fita, kuma goro ya sami jirgi.

Delu ce ta yi wankan. Ta sa farin ƙyalle a hancin yarinyar ta juya, ya fito baƙi. Ta sake wani, ya fito baƙi. A na uku tsohuwar ta ɗago ta dubi matan da ke riƙe da buta.

"Shekara talatin ina wannan aiki. Maƙera na wanke wa mata, masu tuya na wanke. Ban taɓa ganin ƙaramar yarinya da cikin murhu a hanci ba."

Likkafanin ma sai a ɗakin Larai aka ɗinka, don da aka shimfiɗa shi a na Hapsatu ya ɗauki ɗigo-ɗigon baƙi.

Wakili ya yi kuka a maƙabarta, kuka na gaske, mutane suna ba shi haƙuri suna cewa ya riƙe marainiya kamar 'yar cikinsa. Ya ce kwana ne ya ƙare, yarinyar dama mai ƙirji ce. Aka ce haka ne, Allah ya sa mai ceto ce.

Ran sadakar uku gidan ya cika tun da sassafe. Manyan 'yan kasuwar goro, limamin unguwa, har da mutanen unguwar Kotto. Aka kafa rumfar tamfol a tsakar gida saboda ruwa, da sanda ɗaya ta gaza sai wani ya jawo koren bututun nan daga gindin mangwaro ya tokare da shi, ya kuwa yi daidai. Hapsatu na zaune a ƙofar ɗakinta cikin mata, ba ta kuka. Sai ta ji muryar yayanta, yana so a je a ɗauko wani malami a Akwa.

"Sali, kada ka tayar a nan. Ba ka ga baƙi ba? Ku tura ta can bakin kwata, kada hayaƙi ya dame su."

Mutum huɗu suka tashi suka naɗe hannun riga. Hapsatu ta bi su da ido tana ƙirgawa, ba da niyya ba, bakinta ne kawai ke motsi. Taku goma sha tara daga inda motar take zuwa waje. Ba a fi minti biyu ba. Ba jandarman da ya zo. Maƙwabta suka ga ana kara wuta a bakin inji, wani ya ce ashe gazuwal ce, wani ya ce ai ta fi sauƙin mai, shi ke nan, aka ci gaba da gaisawa.

Ku da ke da gida da iko, ku ji. Ba yunwa ce ta kashe Zinariya ba, kawunta bai taɓa hana ta tuwo ba. Ba duka ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. An dai auna ta ne da goro, aka auna ta da fenti, aka auna ta da abin da mutanen layi za su ce, kowane karo ta zo ba ta kai ba. Irin wannan kisa ba shi da alƙali, don wanda ya yi shi ma bai san ya yi ba, kuma shi ake wa gaisuwa.

Da baƙi suka ragu Hapsatu ta shiga ɗaki ta bi bangon tana zare tsummokin da ta cusa, ɗaya bayan ɗaya. Iska mai ƙanshin ruwa ta shigo ta tsagar katako, ta kaɗa gidan sauron da ke kan ƙaramin gadon. Ta tsaya ta shaƙa, ta ji daɗinta, kuma wannan daɗin ne ya karya ta, ta durƙushe a wurin. Tana nan a durƙushe Larai ta leƙo, ta ajiye makulli a bakin ƙofa, ta ce Wakili ya ce in ta sami sauƙi goron ya kwana uku ba a yayyafa masa ruwa ba.